Wa Ke Taka Kabarin Misis Garbutt?

Shekara arba'in da ɗaya na yi ina haƙa kabari a Skarby, kuma ban taɓa ganin fatalwa ba. Na fara da wannan ne don kada wani ya ce tsufa ya taɓa min kai. Matattu ba su da fitina ko kaɗan. Masu rai ne ke zuwa su tsaya maka a ka, hannu a aljihu, suna cewa ramin ya karkace, alhali ni ramina bai taɓa karkacewa ba.

A garinmu, in mutum yana zaune lafiya lau sai ya ji jikinsa ya yi yarr, ba sanyi ba zazzaɓi, cewa yake yi, "Wani ya taka kabarina." Na kusa da shi ya ce, "Agwagwa ce dai," a yi dariya a ci gaba da hira. Ana faɗin maganar a layin mai burodi, ana faɗinta a mashaya, har yaran da ba su san ciwon kansu ba suna faɗi. Wai wurin da za a binne ka yana nan tun yanzu yana jiranka, in wani ya bi ta kansa sai jikinka ya ji. Ba wanda ya ɗauke ta da gaske. Ni kuwa da ita ake tsokanata. Mutum ya yi ɓari, sai ya juyo ya ce, "Wilf, ɗauke ƙafarka mana." Na ji wannan barkwanci ya fi sau dubu, kuma tun na farko bai ba ni dariya ba.

Mutum ɗaya na sani da maganar ta zame mata ciwo. Sunanta Enid Garbutt, amma har ta koma ga Allah ban taɓa kiran sunanta gatsau ba, Misis Garbutt nake ce mata, don ta girme ni da shekara goma sha biyu. 'Yar masunci ce. Ta taso tana gyaran kifi a bakin teku, daga baya ta samu aikin dafa abincin rana a makarantar firamare, ta shekara ashirin da shida tana zuba wa 'ya'yan gari dankali da kabeji da romo. Gajeriya ce mai kauri, ga baki kamar reza. Duk wanda ya bar kabeji a farantinsa sai ya ji ludayi a ƙeya, amma in ta lura yaro ya zo da yunwa daga gida, nasa kwanon ya fi na kowa tudu, kuma ba za ta bari kowa ya gane ba.

Mijinta Arnold ya hau jirgin ruwa neman aiki a 1953, bai sake waiwayo ba, ko wasiƙa. Kowa ya san abin da ya kore shi. Shekara guda kafin nan sanƙarau ya ɗauke musu 'yarsu tilo, Beryl, tana da shekara biyar. Mahaifina ne ya haƙa mata, a gabashin maƙabartar coci, kusa da katangar da ke kallon teku. A makon Misis Garbutt ta je wurin Rabaran ta karɓi takardar kama wurin da ke jikin na yarinyar, yadda in an kwantar da ita Beryl za ta kasance a hagunta. Mutane suka ce ta yi gaggawa, ta ce ba a fafe gora ranar tafiya. Duk Asabar tana zuwa da almakashi ta datse ciyawar wuraren biyu. Wata rana ina wucewa da baro ta ce min, ba tare da ta ɗago kai ba, "Ba ta iya barci sai a haguna. Tsoron ƙarar teku take ji."

Da bazarar 1971 ta same ni ina wasa shebur a bayan coci.

"Wilf, me kake yi a kan wurina da ƙarfe huɗu na yamma?"

"Ni? Ƙarfe huɗu ina gida ina shan shayi."

"Da shida na safe fa?"

"Ina munshari. Ki tambayi Doreen, ita ke shan wahalarsa." Doreen matata ce.

Ba ta yi dariya ba. Ta ce wata biyu ke nan, kullum safe da yamma, a lokaci guda, abin ke zuwar mata. "Ba irin na kowa ba ne da zai yi yarr ya wuce. Wannan sai na kama gefen tebur. Yana kai minti biyar. Kuma ba mutum ɗaya ba ne, Wilf. Ƙafafu ne da yawa, masu nauyi, ba sa sauri."

"Haba Misis Garbutt. Magana ce fa kawai da ake yi. Ki ga likita."

"Na gan shi. Ya ce shekaru ne. Yaron da na share wa majina, shi ne yau zai gaya min shekaruna!" Sai ta sassauta murya. "Abu ɗaya nake so ka yi min. Gobe in ƙararrawar coci ta buga sha biyu, ka hau kan wurina ka taka shi da kyau. Doreen ta zo ta zauna da ni ta zama shaida."

Na yi ta gunaguni, amma wa ya isa ya ce wa matar nan a'a? Washegari ƙararrawa na bugawa na hau. Na taka, na yi tsalle, na kai na kawo, ƙato da ni ina rawa a maƙabarta da tsakar rana. Allah ya rufa min asiri Rabaran bai leƙo ba. Kwana uku muka yi haka. Doreen ta ce duk kwana ukun matar na zaune tana saƙa, ko gashin girarta bai motsa ba, amma huɗu na yi sai ta saki saƙar ta kama tebur, haƙoranta na kaɗawa.

Na ɗauka za ta ji daɗi, tunda ga shi an tabbatar maganar banza ce. Ashe ni ne ban fahimta ba. Da na je gidanta a rana ta uku na tarar fuskarta ta yi fari fat.

"Ba can za a sa ni ba ke nan," ta ce.

"Takarda fa gare ki, da sa hannun Rabaran."

"Takarda ta san abin da ta sani, jikina ma ya san nasa. In ba can zan kwanta ba, wa zai kwanta mata a gefe?"

Na shanye shayina na fito.

Abin mamaki, da sanyi ya shigo cikin Nuwamba, lokacin da kowa ke ɓari da dalili, sai nata ya ɗauke cak. Ta yi ƙiba, bakinta ya dawo, muka ce Allah ya kawo sauƙi. Haka har watan Afrilu. Ran nan na tura baro zuwa gonar Cyril Harker, mil guda daga coci ta wajen tudu, in karɓo takin shanu don lambuna. Harker dogon mutum ne marar son magana, in ya ce maka "uhm" to kun yi doguwar hira. Na tarar yana buɗe wa shanunsa ƙofa, ranar ce farkon fitarsu ciyawa bayan sun shafe sanyi a rumfa. Ya ce tun bara da ya gina sabuwar rumfar tatsa ya canza musu hanya, yanzu ta tsakiyar filin bayan gida suke bi, safe da yamma. Ban kawo komai a raina ba. Na tsaya loda taki, muka sha shayi, har yamma ta yi. Ina ɗaure igiyar baro na ji ƙararrawar coci daga nesa ta buga huɗu, na ɗaga kai, sai ga su sun jero, shanu arba'in, suna ratsa filin ɗaya bayan ɗaya. Ƙafafu da yawa, masu nauyi, ba sa sauri.

Na bar baron a nan na gangaro gari. Ina tura ƙofarta na tarar abin ya wuce, amma har lokacin tana riƙe da gefen tebur.

"Ya dawo," ta ce. "Yau ya dawo."

Da na ja bakina na yi shiru da ya fi, amma ni cikina ba ya riƙe magana. Na gaya mata. Ta dube ni ta ce gani ya kori ji, ta ɗauki kwat ɗinta.

Ran Lahadi bayan coci muka je. Ta zauna a kan katangar dutse ta filin, ta ba ni baya, tana kallon titi. Na fara tafiya a cikin ciyawa daga wannan gefe zuwa wancan, ina kallon ƙeyarta. Na yi sahu ya kai goma, ba komai. Har na fara jin haushin kaina, ina cewa ka ga babban banza, sai na sa ƙafa a wani wuri kan hanyar shanu, kusa da tsakiya, wurin da ba shi da wata alama sai kashin saniya. Kafaɗunta suka yi tsalle.

"Nan," ta ce, ba ta juyo ba.

Na matsa gefe, na yi ta buga ƙafa da ƙarfi a wani wurin don in ruɗe ta. Shiru. Na lallaɓo a hankali ta baya, na ɗora yatsun ƙafa kawai.

"Wilf, ka bari. Ba wasa nake yi ba."

Ranar ce na fara sanin yadda tsoro yake da rana tsaka, ga rana ta fito, ga tsuntsaye na kuka. Akwai farin dutsen bakin teku a aljihuna da nake wasa wuƙa da shi, na ajiye shi a wurin na danna shi da diddige har ya nutse. Da muka koma, a ƙofar gidanta ta juyo ta dube ni.

"To ni me zai kai ni gonar Harker? Beryl tana can."

Amsar ta ɗauki shekara goma sha ɗaya kafin ta iso, kuma teku ce ta kawo ta. Mu dama mun saba, kowace shekara tana cin gaɓarmu taku biyu ko uku, don ƙasar yumɓu ce, ba dutse ba. Lokacin da aka binne Beryl akwai gonar dankali guda tsakanin katangar coci da bakin gaɓa. Kowa ya ɗauka abin na jikoki ne. Sai guguwar farkon 1983 ta kwashe abin da ya rage na gonar gaba ɗaya, har da rabin katanga. Aka yi taro, aka rufe maƙabartar coci, ba za a ƙara binne kowa a ciki ba. Hukuma ta nemi fili a kan tudu don sabuwar maƙabarta. Da Rabaran ya karanta sunan filin a coci, na ji na Harker ne, ban yarda na kalli inda Misis Garbutt take zaune ba.

Sabuwar maƙabarta da sabuwar doka ta zo. Ba kama wuri, ba zaɓe. Layi ne, lamba bayan lamba, wanda ya riga mutuwa shi ya riga kwanciya. Tsofaffin kaburbura kuma, duk mai son a ɗauke nasa sai ya rubuta wa ofishin bishop a ba shi izini. Misis Garbutt ta rubuta a ranar. Bayan mako shida aka amsa mata da ladabi cewa ana buƙatar sa hannun uban yarinyar. Ta rubuta cewa shekara talatin ke nan ba ta san inda yake ba. Aka ce to ta kawo shaidar ya mutu. Ta ce ba ta da ita. Aka ce za a duba. Suna can suna dubawa, ni ina nan ina auna gaɓa da ƙafata kowace safiya. Taku tara tsakaninta da kabarin Beryl, ya koma bakwai, ya koma huɗu.

Wata safiya cikin Yuni na ga tsaga a ciyawa, siririya, ta bi ta bayan dutsen kabarin. Na san irin wannan tsagar. In ta buɗe baki, mako biyu ne ko uku. Tono gawa ba izini laifi ne da zai raba ni da aikina, ya ma iya kai ni gaban alƙali. Na tsaya na yi tunanin Doreen, na yi tunanin gidan da muke ciki na coci ne. Sai na ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, na je na ɗauko shebur.

Allah ya taimake ni da hazon teku, irin wanda ba ka ganin hannunka. Na yanke ciyawar a hankali na ajiye gefe, na haƙa. Akwatin ya riga ya zama ƙasa. Abin da na samu bai taka kara ya karya ba: ƙananan ƙasusuwa, maɓallai uku, da ɗan ƙarfen da aka rubuta sunanta. Na tattara su da hannu, ban bari shebur ya taɓa ba. Duk suka shiga gwangwanin biskit da nake zuba abincin rana. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba, ni da na binne uwata ido a bushe. Ina jin teku a ƙasana tana dukan gaɓa, ƙasar na motsi kaɗan kaɗan a tafin ƙafata. Na mayar da ƙasa, na shimfiɗa ciyawar yadda take.

A lokacin ba a kewaye filin Harker ba tukuna, shanu na nan na bi. Na nemo farin dutsen, na kwatanta yadda mutum zai kwanta ƙafafunsa na gabas kamar yadda muke binnewa, na auna taku ɗaya zuwa hagunsa, na haƙa rami mai zurfi, ƙunci. Ina cikin mayar da ƙasa na ji tari. Na ɗago, sai ga Harker tsaye cikin hazo da sandarsa. Ban san tun yaushe yake nan ba. Ya kalli ramin, ya kalle ni.

"Hazo ya yi yawa yau," ya ce. "Mutum ba ya ganin komai." Ya juya ya tafi.

Ban gaya wa kowa ba, har Doreen. Ita ma Misis Garbutt na yanke ba zan gaya mata ba, don in an tambaye ta kada ta yi ƙarya. Amma ƙafata ta kai ni gidanta da yamma. Tana zuba min shayi huɗu ta buga. Ta ajiye buta ta kama tebur kamar kullum. Can sai na ga ta saki hannu ɗaya, ta kai shi gefenta na hagu, ta dafa iska daidai tsayin ƙugunta. Ta daɗe a haka, idonta a rufe. Da abin ya wuce ta buɗe ido ta dube ni.

"Yau akwai ɗumi ta nan gefen," ta ce.

Na sunkuyar da kai ina juya cokali.

"Ka ci kek ɗin nan, Wilf. Ka rame."

Iyakar maganar da muka taɓa yi a kai ke nan. Bayan kwana goma sha tara gaɓar ta rufta da kabarin da dutsensa. Gari ya cika gidanta da jaje, ita kuwa tana ta raba shayi ido ƙamas. Mata suka fita suna cewa zuciyar matar nan dutse ce. Na ji su, na haɗiye.

Da kaka aka kewaye filin, shanu suka canza hanya, ɓarin ya daina zuwa. Mai awon filaye na hukuma ya zo ya ja igiyoyi ya kafa turaku, ba da shawarata ba. Yana tafiya na je na duba. Farin dutsen yana tsakiyar wani wuri daidai, layi na uku, lamba ta tara, gwangwanin kuma ya faɗa ƙarƙashin ratar da ake bari tsakanin kabari da kabari. To a nan sabuwar damuwa ta taso. Tunda layi ake bi, duk wanda mutuwarsa ta zo daidai lambar, shi zai kwanta kusa da yarinyar, kuma ba mu da bakin roƙon kowa ba tare da mun tona kanmu ba.

Skarby ƙaramin gari ne, a shekara mukan binne mutum uku ko huɗu. Shekara tara muna kallon layin yana matsowa. Ba jana'izar da ta wuce Misis Garbutt, ko da ta wanda ba sa ga maciji ne. Mutane suka ce tsufa ya sa mata son makoki. Ni na san ba gawa take zuwa kallo ba. In an watse sai ta tsaya ta ƙirga turakun da suka rage da ido, ta gyara hularta ta tafi. Ni kuma duk shekarun nan ban taɓa bin ta kan lamba tara da injin yankan ciyawa ba. Da almakashi nake yi, a durƙushe daga gefe.

Cikin Satumbar 1992 muka binne mai gidan waya a lamba takwas. Misis Garbutt tana da shekara saba'in da huɗu, lafiyarta ƙalau, tana tafiya kasuwa da ƙafa, tana faɗa da mai nama. Harker kuwa yana kwance, ciwon huhu ya cinye shi, likita ya ce ba zai ga ƙarshen mako ba. Hankalina ya tashi ƙwarai. Ba na fatan mutuwar kowa, amma ga shi na rasa wanda zan yi wa addu'a.

Ran Litinin 'yar Harker ta aiko wai babanta na nemana. Na same shi ya zama ƙashi da fata, numfashinsa na fita da ƙyar. Ya sa 'yar ta fita, ya yafito ni.

"Tara ce ta gaba?"

"Ita ce."

"Uhm." Ya huta. "Ka gaya wa Enid ina riƙewa. Amma ta yi wa Allah ta hanzarta, hannuna ya gaji."

Na fito. Yaya za ka kai wa mai rai irin wannan saƙo? Na yi ta zagaye gari, a ƙarshe dai na je. Na same ta a bayan gida tana shanya, maƙalan kaya a bakinta. Na faɗa mata yadda ya faɗa, ban ƙara ban rage ba. Ta cire maƙalan ɗaya bayan ɗaya.

"Cyril ke nan. Tun muna makaranta ba ya shiga gaban mace a layi." Ta girgiza zanen gado ta rataya. "Ka ce masa ya ƙara haƙuri zuwa gobe. Ba zan bar wanki a igiya ba."

"Misis Garbutt, kada ki yi wani abin da..."

"Kai, rufe min baki! Ni na yi maka kama da mai yin wauta? Ba abin da zan yi. Zama kawai zan yi." Sai ta dube ni da kyau, irin kallon da take yi wa yaron da ya zo da yunwa. "Ka yi min shi da kyau, Wilf."

Washegari na kasa aiki. Da ƙararrawa ta buga huɗu na ajiye shebur na gangara. Ƙofa a buɗe. Igiya ba komai, kayan na kan tebur a goge a ninke. Tana zaune a kujerarta sanye da kwat da hular zuwa coci, a cinyarta wata 'yar jar rigar sanyi ta yara da ta saƙa, hannunta na hagu ya sauka gefen kujera a buɗe. Shayin da ke gabanta da sauran ɗumi. Likita ya duba iya dubawarsa, ya ce zuciya ce ta tsaya, ba wani abu. Da aka gaya wa Harker ya ce "uhm." Ya cika washegari da hantsi, ya samu lamba goma.

Ni na haƙa mata, ni kaɗai. Farin dutsen ya fito a shebur na farko, na sa shi a aljihu. Da na kai ƙasa na sa hannu a bangon hagu na kakkaɓe yumɓu kaɗan, sai ga gefen gwangwanin, ya yi tsatsa amma yana nan. Na cusa 'yar jar rigar a jikinsa, na shafe da ƙasa yadda ba mai gani. Sannan na daidaita ƙasan ramin, na ɗora ma'auni a tsaye da a kwance, na sake ɗorawa. A duk aikina ban taɓa yin rami mai kyan wannan ba.

Ran Juma'a aka kawo ta. Rabin garin ya zo, yawancinsu waɗanda suka sha ludayinta. Mutum huɗu suka saukar da akwatin da igiya, ya sauka sumul, ya zauna daidai. Suna zare igiyoyin, muna tsaye muna kallo, sai ya motsa a hankali, ya kwanta kaɗan ta hagu har ya jingina da bango.

Mai kula da jana'izar ya matso kusa da ni ya yi min raɗa, "Wilf, tsufa ya zo. Ramin nan naka ya karkace. A mayar da igiya a gyara?"

Na ce, "Na karkace ne, laifina ne. Ku bar ta haka."